Wa aka zalunta, Narkisos ko Eko?

Kamal: Assalamu alaikum jama'a. Tun makon jiya da Malam Sabo ya ba mu labarin Narkisos nake ta juya shi a raina, kuma yau zan faɗi abin da na san za a yi mini ca a kai. Yaron nan ba mai girman kai ba ne, sharri kawai aka yi masa har shekara dubu biyu. Ga waɗanda ba su nan ranar: saurayi ne kyakkyawa a tatsuniyoyin Girkawa, ɗan shekara 16, ana ta rububinsa shi kuma ba ya kula kowa. Wata aljanar tsaunuka mai suna Eko ta kamu da sonsa, ya ƙi ta, ta shige kogo ta yi ta ramewa har ta ƙare, sai muryarta ta rage, wato amsa-kuwwar nan da ake ji a tsakanin duwatsu. Daga baya ya je shan ruwa ya ga fuskarsa a ciki, ya kamu da sonta, ya kasa tashi daga wurin har ya mutu, fure ya tsiro a inda ya kwanta. Kowa sai ya ce ai ga ƙarshen mai ji da kai. To ni tambayata ɗaya ce: tun yaushe "ba na so" ta zama laifi?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Kamal, da sanyin safiyar nan? Ko dai akwai wata Eko a unguwarku da kake neman fatawar sallamarta?

Kamal: Wallahi Anti babu. Ni ne ma kullum Ekon.

Auwal: Wannan kam mun shaida.

Nafisa: Yaya Kamal, mutum ya kwanta a bakin ruwa yana kallon fuskarsa, ba ci ba barci, har rai ya yi halinsa, sannan ka ce ba mai ji da kai ba ne? To wane ne mai ji da kan? Turawa ma da suka tashi raɗa wa ciwon son kai suna, sunansa suka ɗauka.

Kamal: Ai bai san fuskarsa ba ce, Nafisa. Nan ne kowa yake tsallakewa. Ya zaci wani mutum ne daban a cikin ruwan. Malam, don Allah ka raba mu.

Malam Sabo: Zan faɗi abin da ke rubuce, amma ba lallai ya raba ku ba. Da farko, labarin da muka fi sani ba Bagirke ne ya rubuta shi ba. Obid ne, mawaƙin Romawa da aka haifa a garin Sulmo na ƙasar Italiya shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya tattara tatsuniyoyin Girkawa na rikiɗar halitta a wata doguwar waƙa cikin harshen Latin, mai kashi 15, ya gama ta wajen shekara ta 8 miladiyya, shekarar da Sarki Agustus ya kore shi zuwa Tomis a bakin Baƙin Teku. Narkisos yana kashi na uku. A cewarsa, uwar yaron, Liriyofi, ta kai tambaya wurin makahon boka Tiresiyas, ko ɗanta zai yi tsawon rai. Boka ya ce zai yi, muddin bai san kansa ba. Ku lura da wannan amsa, domin a haikalin Afolo, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawa, da ke Delfi an rubuta akasinta a bango: ka san kanka. Obid yana sane ya juya maganar.

Sai batun ruwan. Obid ya ɗauki lokaci yana siffanta shi: marmaro ne garai-garai wanda makiyayi bai taɓa zuwa ba, akuya ba ta sa baki ba, tsuntsu bai sauka ba, ko reshe bai taɓa faɗawa ciki ba. Yaro ya gaji da farauta da zafin rana, ya kwanta rub da ciki zai sha, sai ya ga fuska. Kamal ya yi gaskiya, bai gane ba. Har magana yake yi mata: in na yi murmushi ka yi, in na miƙa hannu ka miƙo, in na yi kuka ina ganin hawayenka, bakinka na motsi amma ba na jin abin da kake faɗa. Sai can daga baya ya farga ya ce ashe ni ne. Kuma fargar ba ta zo masa da daɗi ba, a nan ne ma ya ce yawan abin da ya mallaka shi ya talauta shi. To amma Kamal, kada ka yi saurin murna. Tun kafin a zo ruwa, Obid da bakinsa ya ce a cikin wannan lallausar sura akwai girman kai mai tauri.

Kamal: Na gode Malam. Amma wannan hukuncin mai ba da labari ne, ni aiki nake so a nuna mini. A cikin waƙar nan ɗaya akwai masu alfahari na gaske, kuma duk da bakinsu suka jawo wa kansu. Niyobi ta tsaya gaban jama'a ta ce ta fi uwar Afolo, don ita 'ya'yanta 14, maza bakwai mata bakwai, waccan kuwa biyu kacal. Aka harbe mata su duka. Arakni ta ce ta fi Atina, abar bautarsu ta hikima da sana'a, iya saƙa, ta ƙare a gizo-gizo. Waɗannan su ne yabon kai jahilci. Shi Narkisos a ina ya taɓa cewa ya fi wani kyau? Yaro yana dajinsa yana farautar barewa, bai tare kowa ba, bai yi wa kowa alkawari ba.

Maman Ilham: Ƙanena, ba sai mutum ya buɗe baki ya ce na fi ku ba. Malam, tuna mana abin da ya faɗa wa yarinyar.

Malam Sabo: Sai an fara sanin halin da take ciki. Eko a da mai surutu ce. Duk lokacin da Hera ta fito neman mijinta Ziyus, babban abin bautarsu, a tsaunuka, inda yake sheƙe ayarsa da aljanu mata, sai Eko ta tare ta da hira har su samu su tsere. Da Hera ta gano, sai ta ƙwace mata magana, ta bar ta da maimaita ƙarshen abin da wani ya faɗa. Saboda haka ko da ta ga Narkisos ba ta da ikon fara yi masa sallama, sai bin sa a ɓoye. Rannan ya ɓace wa abokan farautarsa, ya ɗaga murya: akwai wani a nan? Ta ce: a nan. Ya ce: zo! Ta ce: zo! Ya waiga bai ga kowa ba, ya ce: mu haɗu. Ta ce: mu haɗu, ta fito daga cikin itatuwa da gudu za ta rungume wuyansa. Ya goce ya ce ta ɗauke hannunta, gara mutuwa da in miƙa kaina. Ita kuwa abin da ya rage mata ta faɗa shi ne: in miƙa kaina.

Maman Ilham: To ka ji. Gara mutuwa. Kamal, in ƙanwarka aka faɗa wa haka, za ka ce ai bai yi mata alkawari ba?

Zainab: Maman Ilham ki yi haƙuri, a nan ina bayan Kamal. Ki juya labarin. Yarinya 'yar shekara 16 ta ɓata a daji ita kaɗai, tana kiran ƙawayenta, wata murya na amsa mata, kwatsam sai ƙato ya fito daga cikin duhuwa zai rungume ta. Ta ce gara ta mutu. Wa zai ce tana da girman kai? Cewa za mu yi Allah ya yi mata albarka. Kuma ba ƙirƙira na yi ba, labarin na nan a kashin farko na waƙar: Afolo ya bi Dafni da gudu tana ƙi, da ta ga zai cim mata ta roƙi ubanta ya sauya mata halitta, ta zama bishiya. Har yau Dafni ake tausaya wa. Me ya sa da namiji ya ƙi sai a ce wulaƙanci?

Nafisa: Saboda Dafni sau ɗaya ta ƙi, kuma wanda ta ƙi ya fi ƙarfinta. Shi wannan sana'a ya mayar da abin.

Ustaz Habibu: Jama'a, ni fa tun ɗazu ina karantawa ina mamaki. Tatsuniyar masu bautar gumaka ce muke ta da jijiyar wuya a kai, har da wai wannan allahiya ta tsine wa waccan.

Malam Sabo: Allah ya gafarta Malam, ba aƙida muke ɗauka a wurinsu ba. Kamar Gizo da Ƙoƙi ne, ba wanda ya yarda gizo na magana, amma kowa ya san mai halin Gizo a unguwarsu.

Ustaz Habibu: To shi ke nan, tunda haka ne bari in sa baki, don na ga kuna cakuɗa abu biyu. Akwai ujubu, wato mutum ya riƙa burge kansa. Akwai kibru, wato girman kai. A hadisin da Muslim ya ruwaito, wani ya tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau, aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. In da wannan ma'auni za ku auna yaron, ku bar batun kallon ruwa, ku duba ko ya raina mutane. Nafisa tana tuhumarsa da ujubu, Maman Ilham tana tuhumarsa da kibru, Kamal kuma yana kare shi daga ta farko yana zaton ya wanke shi daga ta biyu.

Anti Bilki: Ustaz da ya ce ba ruwansa, ga shi ya fi kowa shiga.

Kamal: Na karɓi rarrabewar, amma ban ga rainin ba har yanzu. Firgita na gani.

Malam Sabo: To bari in kawo maka wata ruwayar, wannan ta Bagirke ce. Konon, wanda ya yi zamani da Obid, ya rubuta gajerun labarai 50, kuma sun iso mu ne ta hanyar taƙaitawar da Fotiyus, babban limamin cocin Kustantiniya, ya yi musu a ƙarni na 9. A wurinsa babu Eko sam. Abin ya faru ne a garin Tesfiya na yankin Boyotiya, kuma mai nacin wani saurayi ne, Ameniyas, don irin wannan neman sananne ne a al'adarsu ta wancan zamani. Kowa ya gaji ya bari, shi ya ƙi bari. Sai Narkisos ya aika masa da kyauta: takobi. Ameniyas ya gane saƙon, ya zo ƙofar gidansu ya kashe kansa da shi, yana roƙon a saka masa. Bayan Narkisos ya ga fuskarsa a ruwa ya rasa yadda zai yi, sai ya ce alhakin Ameniyas ne, shi ma ya kashe kansa, furen ya tsiro daga jininsa. Wannan ma firgita ce?

Kamal: Wannan kam ba zan kare shi ba. Amma ruwaya ce daban, Malam. Ba a haɗa laifin Narkisos na Konon a ɗora wa na Obid.

Baba Ɗanjuma: 'Ya'yana, ku bar tsoho ya ce wani abu, don ni an taɓa aiko mini da takobin nan. Muna kwalejin horon malamai, akwai wata yarinya a makarantar 'yan mata da ke ƙetaren hanya. Sau uku na taɓa ganinta, duk a ranar wasanni. Na zauna dare biyu ina rubuta wasiƙa da Turanci, da ƙamus a gefe, na sayi takarda mai shuɗin layi, har turare na ɗiga mata a kusurwa. Na ba wata mai sayar da ƙosai a bakin ƙofarsu ta kai. Bayan kwana huɗu amsa ta zo, ambulan ɗina ne aka sake liƙewa. Na tafi bayan ajinmu inda ba kowa, hannuna na rawa, na buɗe. Wasiƙata ce. Ta bi ta da jan biro layi-layi ta gyara mini kurakurai, a ƙasa ta ba ni maki huɗu bisa goma, ta rubuta a sake ƙoƙari. Daga baya na ji cewa sai da aka karanta ta a ɗakin kwanansu ana tafi. Da ta ce mini ba ta yi, wallahi da mako biyu ya isa in warke. Ba ta da laifin ƙi na, ko ni da na ga hotona na lokacin ban ga abin so ba. Amma jan biron nan, yau jikokina sun haura goma, ban manta launinsa ba.

Auwal: Baba, huɗu bisa goma ai ta yi adalci, ni sifili aka ba ni kuma ba a dawo da takardar ba.

Zainab: Allah sarki Baba. Amma ka ga kai ma ka faɗa da bakinka: sau uku ka gan ta, daga nesa. Me ka sani game da ita? Wannan shi ne abin da ke damuna da Eko. Ba ta taɓa jin ra'ayinsa a kan komai ba, ba ta san abin da ke ba shi dariya ba. Fuska ta gani ta bi. Shi ma fuska ya gani ya kwanta. Fuskar ma guda ɗaya ce! Cuta ɗaya ta kashe su, amma ita ake kira masoyiya, shi ake kira mai son kansa.

Anti Bilki: Zainab kin taɓo inda nake jira. Ni duk labarin nan ba yaron ne ke ba ni tsoro ba, yarinyar ce. Shekara 20 ina ɗinki, 'yan mata nawa suka zauna a kan keken shagona. Akwai wata da na koya wa aiki, hannunta kamar inji, in ta yanka atamfa ba ka ganin ɓarnar ko taku ɗaya. Ta haɗu da wani. Cikin wata uku yarinyar nan ta daina cewa ina ganin, sai wane ya ce. Ya ce ba ya son kore, ta daina sa kore, alhali shi ya fi karɓarta. Ya ce ɗinki aikin wahala ne, ta fara zuwa a makare. Wayarta na kan cinya a ƙarƙashin yadin da take ɗinkawa, minti biyar ta ɗaga ta duba ko ya karanta saƙo. Ya karanta, bai amsa ba. Rannan ta ɗinke hannun riga a wuya, na ce ke tashi ki wanke fuskarki. Shi kuwa ko sau ɗaya bai ce yana sonta ba, kuma bai ce ba ya so ba. Da Malam ya ce Eko ba ta da maganar kanta sai ƙarshen ta wani, ita na tuna. Son maso wani ƙoshin wahala, mun sani, amma wannan ya wuce wahala, mutum ne yake ƙarewa kana kallo.

Maman Ilham: Amma Anti, ita Eko ba ita ta zaɓi rashin murya ba, tsine mata aka yi. Kuma dubi laifin da aka kama ta da shi. Miji ya yi ɓarna, uwargida ta bar shi ta huce a kan yarinyar da ta tsaya a hanya. Ziyus ko ƙwarzane. An daki jaki an bar taiki.

Anti Bilki: Ai ba a bakin ƙofa kawai ta tsaya ba, gadi take yi masa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Malam Sabo: Kafin ku gama yanke mata hukunci, ku sani ita ma an ba da labarinta a matsayin mai ƙi. Akwai 'yar gajeriyar waƙa ta Moskos, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, a ƙarni na 2 kafin miladiyya: Fan, abin bautar makiyaya mai ƙafar akuya, yana son Eko, Eko tana son wani aljanin daji, aljanin kuma ya haukace a kan wata Lidi. Kowannensu yana ƙona wani kamar yadda ake ƙona shi. A wata ruwayar ma Fan ɗin ne ya fusata da ta ƙi shi, ya haukatar da makiyaya suka yayyaga ta.

Zainab: Yauwa! Ka ga wanda aka ƙi ya sa an kashe. Wannan shi ne tsorona da darasin da ake cirowa daga labarin Narkisos, wai ka so mai sonka ko alhaki ya kama ka. Da wannan maganar ake danne 'yan mata: ya daɗe yana bin ki, ya yi hidima, ki ji tsoron alhakinsa. Naci ba ya zama bashi a kan wanda ake yi wa.

Nafisa: Ba wanda ya ce dole ya so ta, Anti Zainab. Cewa muka yi akwai yadda ake ƙi. Mutum ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa, ai ƙi ne, kuma ba wanda zai shiga kogo saboda shi.

Zainab: Wasu za su shiga. Kin san za su shiga.

Auwal: Ni tambayata ta ilimi ce. Rannan Malam ya ce yaron ya yi ta zubewa kamar kakin zuma a kusa da wuta. Sunansa Narkisos, kuma ya narke. Anya ba Bahaushe ba ne?

Malam Sabo: Auwal, Allah ya shirye ka. Amma ka kusa faɗar wani abu ba da niyya ba. Girkawa suna da kalma narke, ma'anarta sanƙarewa ko mutuwar jiki, daga ita Turawa suka samo sunan ƙwayoyi masu sa maye. Filini, marubucin Romawa da ya mutu a aman wutar dutsen Besubiyus a shekara ta 79, ya ce daga wannan kalma furen ya samo sunansa, ba daga yaron tatsuniya ba. Dacewa ce kawai da tamu. Furen dai shi ne Larabawa ke kira narjis, fari mai rawaya a tsakiya, wanda mawaƙansu ke kamanta idon masoyiya da shi.

Kamal: Malam, akwai ruwayar da ka ambata a gurguje rannan, ta 'yar'uwarsa. Ita nake jira ka kawo, na ga kana ɓoye ta.

Malam Sabo: Ban ɓoye ba, na bari ne ka sha wuya tukuna. Fausaniyas, wanda ya zaga ƙasar Girka a ƙarni na 2 miladiyya yana rubuta abin da ya gani, ya ambaci marmaron Narkisos a ƙasar Tesfiya, a wani wuri da ake kira Donakon. Ya kawo labarin da kowa ya sani, sannan ya ce wannan wauta ce tsantsa, a ce wanda ya isa soyayya bai iya bambance mutum da inuwar mutum ba. Sai ya kawo wani da ya ce bai kai wancan shahara ba: Narkisos tagwaye ne, shi da 'yar'uwarsa, kamarsu ɗaya, gashinsu ɗaya, tufafinsu iri ɗaya, tare suke farauta, kuma ya ƙaunace ta. Ta mutu. Sai ya riƙa zuwa bakin ruwan, yana sane sarai cewa fuskarsa ce, amma yana samun sauƙi in ya ɗauka ita yake gani.

Kamal: Alhamdu lillahi. Hassan ne yake neman Usainarsa. Maraici ne, jama'a, ba ji da kai ba. Na rufe shari'a.

Nafisa: A'a Yaya, buɗe ta. Ɗazu da aka kawo takobi ka ce ruwaya ce daban, ba a ɗora wa na Obid. Yanzu da aka kawo wadda ta yi maka daɗi ka rungume. Ko ka ɗauki duka ko ka bar duka.

Auwal: Ta kama ka.

Kamal: Ta kama ni. To na tsaya a kan na Obid shi kaɗai. Kuma a can ma ina da sauran magana, don ni hukuncin ne ya fi tsaya mini a rai. Yaro ɗan shekara 16 ya yi magana mai zafi sau ɗaya a cikin firgici, sai a biya shi da mutuwa?

Malam Sabo: Ba sau ɗaya ba, Obid ya ce haka ya yi wa sauran aljanun, na ruwa da na tsauni. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ba Eko ce ta yi masa baki ba. Wani ne daga cikin waɗanda ya wulaƙanta ya ɗaga hannu sama ya ce, shi ma ya so haka, ya rasa abin da yake so. Nemesis, wadda a wurinsu ita ce mai saka wa wanda ya wuce gona da iri, ta amsa. Ba mutuwa aka roƙa masa ba, ɗanɗano aka roƙa masa. Shi ne da ya ɗanɗana ya kasa ɗauka. Ita Eko tana nan a gefe har ƙarshe, da fushinta, amma da ta ga yadda ya koma sai tausayi ya kama ta. In ya ce wayyo ta ce wayyo. In ya bugi ƙirjinsa ta mayar da ƙarar bugun. Maganarsa ta ƙarshe ga fuskar ruwan ita ce sai wata rana, ita ma ta ce sai wata rana. Obid bai ma ƙyale shi a nan ba, ya ce ko a lahirarsu ya ci gaba da leƙa fuskarsa a kogin Sitikis. 'Yan'uwansa mata suka yanke gashinsu don makoki, aka haɗa itacen ƙona gawa, aka zo ɗauka ba gawa, sai fure.

Maman Ilham: Har a lahira? Hali zanen dutse. Kamal, a nan kam ya riga ya san fuskar wa ce.

Kamal: Ya sani. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo yau, kuma ba ni da amsarta sai dai in ce wanda aka yi wa baki ba shi da zaɓi. Zan rage da'awata: bai mutu don yana ganin ya fi kowa kyau ba, kuma ƙin Eko ba laifi ba ne. Kalmar da ya faɗa mata, wannan na bar wa Maman Ilham.

Nafisa: Ni ban rage komai ba. Mutumin da bai taɓa ganin kowa ba sai ranar da ya ga kansa, ko me za a kira abin, ba na so a kawo wa ƙanwata shi.

Zainab: Ni ma ba na so ƙanwata ta zama Eko. Kuma don Allah a rage liƙa wa mutane sunan ciwon nan. Tun da masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya yi rubutu a kansa a 1914, har likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi a kundin cututtukansu a 1980, abu ne da likita ke tantancewa bayan dogon bincike. Yanzu duk wanda saurayi ko budurwa ta rabu da shi sai ya hau Facebook ya ce ai mai wannan ciwon ne. Wani ba ciwon komai, kawai ba ya yi ne.

Anti Bilki: Baba Ɗanjuma, ni tun ɗazu abu ɗaya nake son tambaya. Wasiƙar nan, ka yaga ta?

Baba Ɗanjuma: Tana nan cikin akwatin ƙarfe tare da takardun fanshona, Hajiya ma ta san da ita. Bayan na fara koyarwa na ɗauko ta na sake dubawa da ƙamus. Gyara tara ta yi mini. Biyu daga ciki ni ne daidai.